Harmal a Shayin Malam

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ya farka. Alhamdulillahi, Malam ya farka, ya gane ni, har ya tambayi ina hularsa. Mutum ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba, amma abin da ya fara nema a duniya hula. Na yi dariya har nas ta leƙo, sai dariyar ta juye mini, na fita baranda na ƙarasa ta da mayafi a baki.

A bayan littafin awo nake wannan rubutu, don shi kaɗai na tarar a jakata. Shekara ashirin da shida ina ɗinki a unguwar Congo-Russia ta Jos, hannuna bai saba zama haka nan ba. Tunda babu keke a asibiti, bari in riƙe biro.

Ranar Lahadi ne da hantsi. Ya karya kumallo, ya sha shayinsa, ya koma kan tabarma kamar kullum. Ina shago ina kafa zif sai na ji kofi ya faɗi. Na tarar da shi yana karkarwa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf alhali ana wannan sanyin na damina, haƙoransa suna haɗuwa, ƙafafunsa suna fizga kamar ana jan su da zare. Jikinsa zafi rau. Yana ta ce mini in kauce daga titi, in kauce, ga mota nan. A tsakar gidanmu fa muke.

Allah ya saka wa Theodora, Maman Chiazo, mai kemis ɗin bakin layinmu. Daga coci take, da ɗaurin kan nan nata mai girman kwando, ta jiyo ihuna. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta taɓa wuyansa, ta buɗe idonsa, ta ce, "Maimuna, ɗauko zani, mu tafi yanzu yanzu." A motar mijinta muka kawo shi.

Yanzu yana barci, barci irin na mutane. Ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Talata, bayan La'asar

Ya sha kunu cokali bakwai. Na ƙirga.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya

Likita Dachung ya kira ni ofishinsa. Dogo ne, mai magana a hankali, irin mutanen da ba ka iya yi musu tsawa ko kana so. Ya ajiye wani kati da fallen magani a kan tebur, ya ce a aljihun cikin rigar Malam aka same su.

Ya ce, "Hajiya, kin san maigida yana shan maganin damuwa?"

Ban sani ba. Wata uku ke nan Malam yana zuwa wannan asibitin, ɓangaren can na baya wanda mutane suke rage murya in za su ambata. Alhamis bayan Alhamis zai sa hula ya ce mini zai leƙa tasha a Tina Junction ya gaida abokan aiki, ni kuma in yi ta murna wai ya fara fita. Ashe layin ganin likita yake bi. Shekara ashirin da takwas da aure, sai wani ne zai gaya mini abin da ke aljihun mijina.

Likita ya ce ƙwaya ɗaya a rana ba ta yin abin da ya gani ranar Lahadi. Ko dai Malam ya sha da yawa a lokaci guda, ko kuwa maganin ya haɗu da wani abu a cikinsa. Ya dube ni ya ce, "Yana shan wani abu a gida? Jiƙo, na gargajiya, na Islamic, komai ƙanƙantarsa?"

Na ce, "Shayi kawai."

Ban yi ƙarya ba. Ina so in rubuta a nan cewa ban yi ƙarya ba.

Sai ya tambaye ni a hankali ko Malam ya taɓa cewa ya gaji da duniya tun bayan abin da ya faru a watan Janairu. Na ce Malam ai ba ya cewa komai. Wannan kam gaskiya ce tsantsa. Mutumin da duk tasha ke kira Oga Sharafa, wanda ya yi shekara talatin yana jan bas tsakanin Jos da Abuja, wanda in yana ba da labari a ƙofar gida har layin baya ake jin dariyarsa, tun Janairu bai taɓa sitiyari ba. Yana zaune ya ba ƙofar ɗakin baya baya. Ni ma ban cika shiga ɗakin ba, amma ba wannan nake rubutawa ba.

Ya ci tuwon acca loma huɗu. Alhamdulillahi.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan Azahar

Sun ɗauke masa reza. Sun ɗauke tazugen wandonsa, nas ta ba shi wani na asibiti mai roba. Duk bayan ɗan lokaci wata za ta leƙo ta ce ta zo duba ƙarin ruwa, alhali an cire ƙarin ruwan tun jiya.

A gabana ya ce wa likita, "Wallahi ɗaya nake sha. Ɗaya, bayan sallar Asuba." Likita ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa marar lafiya, ya rubuta wani abu a fayil.

'Yan tasha sun zo su biyar da lemo da ayaba. Ban san wa ya kai musu labari ba, amma sun shigo da irin fuskar da ake shiga gidan makoki. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, ya dafa gadon ya ce, "Oga, ƙaddara ce fa. Musulmi ba ya yanke ƙauna, balle ya kai ga haka." Malam ya juya fuskarsa bango.

Ni ina zaune a kujera ina ɓare lemo. Na ɓare uku, babu wanda ya ce yana so.

Alhamis, gab da Magariba

To, bari in rubuta. Littafin nan ba ya da baki.

Akwai gwangwanin madara a kicin, bayan buhun acca. Harmal ne a ciki, 'yan ƙwayoyin nan baƙaƙe kamar riɗin da ya ƙone, waɗanda wasu ke turare da su. Sati uku da suka wuce aka turo wata murya a zaurenmu na matan Islamiyya a waya, wata mata da ban sani ba tana cewa in aka dafa shi aka sha yana yaye ƙuncin zuciya, wai har Turawa sun yi bincike a kai. Sau huɗu na saurara. Washegari na tafi wani kantin magungunan Musulunci kusa da Tina Junction.

Mai kantin bai cuce ni ba. Ya ce mini shi dai don turare ya fi sayar da shi, kuma yana da ƙarfi. Har ya tambaye ni, "Wanda za a ba wa yana shan wani magani na asibiti?" Ni kuwa na ɗaga kai na ce masa, "Mijina ko maganin ciwon kai ba ya sha sai na sani." Da bakina na faɗa, har da yatsina.

Me ya sa ban gaya wa Malam ba? Ta yaya zan dubi namiji kamar Malam in ce masa ba ka da lafiya a kai, ga magani? Mu ba a haka muka tashi ba. In miji ya karaya, mace takan yi kamar ba ta gani ba, ta gyara abin ta bayan fage. Sai na riƙa daka shi ina dafawa cikin shayin safe, in cika citta da kanumfari don su ɓoye ɗacin.

Kuma na ga canji! Ya je aski. Ya tambaye ni ko an gyara famfon layi. Ran nan har ya yi murmushi da akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye mini alayyahu. Na ce a raina harmal ya kama. Hannunsa ya fara ɗan rawa, yana gumi, na ce ciwon ne yake fita. Ranar Asabar na ƙara. Ranar Lahadi na ƙara a kan ƙarin.

Wataƙila ba shi ba ne. Ganye ne fa kawai, 'ya'yan itace. Wataƙila ƙwayar asibitin ce ba ta karɓe shi ba.

Ya ci abinci. Yana numfashi. Abin da ya fi muhimmanci ke nan.

Juma'a, 11 ga Yuli, da hantsi

Na je gida ɗauko kaya. Na ɗauki gwangwanin zan zubar a kwata, na mayar da shi inda yake.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Ya taka da ƙafarsa har bakin baranda, ya tsaya yana kallon ruwan sama yana sauka a kan duwatsu. Rawar hannun ta tafi gaba ɗaya. Ashraf, ɗanmu, ya kira daga makaranta a Zariya, uban ya karɓi wayar ya ce masa kada ya kuskura ya bar jarrabawa ya taho, zazzaɓi ne kawai. Muryarsa ta fito sosai. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, na je na saya wa nas-nas gasasshiyar masara.

Da na dawo na tarar wata nas tana lalube ƙarƙashin filonsa. Yana zaune yana kallonta, bai hana ta ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Sati ɗaya. Yana raye. Na kasa haɗa ido da shi.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan La'asar

Yau an sauke mini kaya, kuma Theodora ce ta sauke, da ƙarfin tsiya.

Na buɗe shago da safe don in sallami wata mai ɗinkin suna, sai ga ta ta shigo ta ja labule. Ba gaisuwa. Ta zauna a kan kujerar kwastoma ta ce jiya ta je duba Malam, ta roƙi nas ta nuna mata fallen maganin.

Ta ce, "Maimuna, ni na ƙirga wannan magani da hannuna. Na duba date da sun ba shi, na duba abin da ya rage. Complete. Ko ɗaya bai wuce ba. Mutumin nan bai yi overdose ba, gaskiya ne yana faɗa. So wetin remain? Ke ne kina ba shi abinci. Me kina sa?"

Na ce mata ta bar ni in gama kalmasa. Ta dafa keken da hannu ta tsayar da shi. Shekara goma sha tara muna layi ɗaya da matar nan. Lokacin rikici ni na ɓoye Chiazo a ƙarƙashin gadona, ita kuma ta kwana a ƙofar shagona da tsintsiya wai gadi take yi. Ba a yi wa irinta ƙarya. Na tashi na ɗauko gwangwanin na miƙa mata.

Ta buɗe, ta sansana, ta ce, "Chineke!" Sannan ta zage ni da Inyamuranci, wanda ban ji ba amma na gane. Sai ta rungume ni har ɗan kunnenta ya karce mini kunci. Ta ce, "Sa mayafi. Ko ki faɗa ma doctor da bakinki, ko ni zan faɗa, kuma ni ba zan gyara ba."

A asibiti na faɗi komai. Na yi zaton Likita Dachung zai yi mini wankin babban bargo. Sai ya zuba ƙwayoyin a tafin hannu, ya jingina da kujera, ya saki dogon numfashi. Ya ce, "Hajiya, kin san kwana nawa ina tunanin mutumin nan yana ɓoye mini abu?"

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ke ɗaga wa mutum rai, ƙwayarsu tana sa ya daɗe yana aiki. A jiki kuma akwai wani abu kamar mai shara, su suna ce masa MAO, shi yake kwashe rarar sinadarin kada ya yi yawa. Harmal ɗaure hannun mai sharar yake yi. Ƙwaya tana tarawa, babu mai kwashewa, sai abin ya cika ya tumbatsa. Ya ce ko ba tare da ƙwayar ba, wanda ke shan irin wannan in ya haɗa da abinci mai ruɓi kamar daddawa, jininsa na iya hawa. Ni da kullum miyar kukata sai ta ji daddawa har maƙwabta su san na yi girki.

Na ce, "Likita, ashe ƙarya matar nan ta yi a waya."

Ya ce, "Da ƙarya ne gaba ɗaya ai da bai kwantar da shi ba. Yana da ƙarfi, shi ne matsalar. Babu awo, babu wanda ya san me zai tarar a cikin mutum." Ya ce sauƙin da na gani a makonnin baya tabbas ƙwayar ce ta fara aiki, don takan ɗauki lokaci. Wato ni ina can ina yaba wa gwangwanina.

A gabana ya buɗe fayil ya ja layi a kan abin da ya rubuta ranar Alhamis. Ya ce za a jira sati biyu jikin ya wanke kafin a koma kan ƙwayar. Sannan ya ce, "Ke za ki gaya masa, ko ni?"

Na ce ni.

Da muka fito na ji yunwa ta kama ni irin wadda ban ji ba tun Janairu. Muka tsaya a bakin get muka ci soyayyen dankali da yaji, ni da Theodora, a tsaye kamar 'yan makaranta.

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

An sallame mu. Sun mayar masa da rezarsa da tazugensa a cikin leda. Likita ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam Sharafaddeen, ka yi haƙuri. Mun gane gaskiya ka faɗa." Malam ya ce, "Ba komai." Bai tambayi yadda aka yi suka gane ba. Da ni ce da sai na ji dalili.

Yana gida. Takalmansa suna ƙofar ɗaki. Na wuce su sau uku don kawai in gan su.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Na kai masa shayi, ruwa da ganye da sukari kawai. Ya kurɓa, ya dubi kofin, ya dube ni. Ya shanye. Ban faɗa ba.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Azahar

Theodora ta leƙo ta taga ta ɗaga mini gira. Na girgiza kai. Ta ce, "Coward," wato matsoraciya, ta wuce.

Na koma kantin na gaya wa mai harmal abin da ya faru. Ya yi ta salati, sannan ya ce, "Amma Hajiya na tambaye ki." Na ce ka tambaye ni. Daga nan na yi murya na tura zauren matan Islamiyya, na ce duk wadda ta ji maganar nan ta harmal kada ta ba wa kowa sai ta tambayi likita, don na san gidan da aka kusa yin gawa. Ban ce gidana ba ne.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan La'asar

Da safe ana yayyafi na ɗora kofin shayi da gwangwanin a faranti ɗaya, na ajiye a gabansa, na zauna a ƙasa. Na faɗa duka, daga muryar waya har zuwa ƙarin ranar Lahadi. Ban ɗaga kai ba sai da na kai ƙarshe.

Ya ce, "Na sani."

Na ce ka san me?

"Maimuna, shekara ashirin da takwas ina shan shayinki. Kin ɗauka citta za ta ɓoye mini wannan ɗacin? Tun ranar farko na ji."

Na ce to don me ka sha? Don me ba ka tambaye ni ba? Don me da likita ya tsare ka ba ka ce a bincika shayin matarka ba, ka bari aka ƙwace maka tazuge, aka yi maka wa'azi a gaban mutane?

Ya daɗe yana juya kofin. Sannan ya ce, "In na ce shayinki ne, me dangina za su ce? Za su ce kin sa mini wani abu saboda rasuwar 'yarmu. Gara a ce ni na yi wa kaina." Ya ƙara da cewa, "Kuma ban san mene ne ba. Na ce ko mene ne, daga hannunki ya fito, kuma ni nake tuƙi ranar haɗarin. In ma hukunci ne, ban fi ƙarfinsa ba."

Wallahi, sati uku mutumin nan yana karɓar kofi daga hannuna, yana zaton wataƙila sakayya ce, yana shanyewa har da bismilla.

Na ce, "Malam, me na yi maka da har za ka zaci haka?"

Ya ce, "Ba ki yi kuka ba. Ranar da aka kawo gawarta daga Hawan Kibo mata sun cika gidan nan suna kuka, ke kina raba musu tabarma. Wata shida ba ki ambace ta ba ko sau ɗaya. Na ce wannan shirun nawa ne."

Na ce, "'Yar fari ce fa! Yaushe na taɓa ambatar ta?"

Haka aka koya mana. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Tun tana jaririya Innata take hararata in na cika kallonta. Da aka haifi Ashraf ya fara ce mata Yaya, sai na samu mafita, ni ma na koma Yaya. Ranar da aka shigo da ita na ji tsofaffi a bayana suna cewa, dubi Maimuna, akwai kunya, akwai tawakkali. Sai na ci gaba da raba tabarma. A banɗaki nake kukana, in buɗe famfo.

Na gaya masa wannan. Na kuma gaya masa abin da ban yi niyyar faɗa ba, cewa na ɗora masa laifi, eh, kamar wata biyu, duk lokacin da na ga makullin motar a ƙusa. Daga baya na ga mutumin da ya rage a kan tabarma, na san ba shi da sauran wurin da zan ɗora masa wani abu. Ya ce shi kuma ya ɓoye asibitin ne don kada in ce ga wanda ya kashe mini 'ya ya koma mahaukaci.

Muka zauna har shayin ya huce. Shi da kansa ya tashi ya kai gwangwanin kwata.

Juma'a, 25 ga Yuli, gab da Magariba

'Yan tasha sun biyo shi gida bayan masallaci, su bakwai, har da dattijon nan mai wa'azi. Malam ya ce in bar zancen, ya wuce. Ban bari ba. Na kawo musu ruwa, na tsaya a bakin ƙofar zaure, na ce ina da magana. Na ce Oga Sharafa bai taɓa nufin kansa da sharri ba, ni ce na ba shi magani a ɓoye ya haɗu da na asibiti, duk wanda ya kai wancan labarin ya daure ya kai wannan.

Dattijon ya cire hula ya ce, "Oga, ka yafe mini." Sai wani siririn direba ya dubi kofin da ke hannunsa ya ce, "Hajiya, wannan dai ruwa ne zalla ko?" Aka kwashe da dariya. Malam ma ya yi, ta gaske, wadda ake ji a layin baya. Ina kicin na ji yana gaya musu da bakinsa cewa yana ganin likitan damuwa, kuma zai koma. Wani ya tambaye shi wace rana ake zuwa.

Theodora ta ce daga kemis ta jiyo dariyar, ta ɗauka rediyo ne.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan La'asar

Tare muka je asibiti a napep. An mayar da shi kan ƙwayar. Likita ya ce daga yau ko na'a-na'a zan ƙara a shayi sai na yi masa waya, na ce na ji. Fallen maganin yanzu yana kan talabijin inda kowa zai gani. Ba a ce ya warke ba. Jiya ma ya wuni bai ce komai ba, makullin motar kuma yana nan a ƙusa. Amma ɗakin baya, ɗakin Yaya, ya daina ba shi baya.

Takardun bayan littafin nan sun kusa haɗuwa da na awo. Ina juyawa ɗazu sai na faɗa kan shafin Disamba. Kafaɗa sha biyar, hannu ashirin da uku, tsawo hamsin da shida. Leshin walimar gama makarantarta ne, yana nan cikin akwati ban yanka ba. Duk shafukan littafin akwai sunan mai kaya a sama. Wannan kaɗai na rubuta Yaya.

Malam yana gefena a tabarma. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki biron ya miƙo mini. Na ja layi a kan Yaya, na rubuta Fiddausi. Shekara ashirin da huɗu hannuna bai taɓa rubuta shi ba.

Ya ce, "Karanta mini."

Na ce, "Fiddausi." Babu famfo a buɗe, ƙofar gida ma a buɗe take, ban damu da wa zai ji ba. Ashe sunan yana da daɗi a baki.

Ya ce in sake faɗa.